Darasi: Yadda Shugaba Zai Tafiyar da Ma'aikaci Mai Tsananin Neman Kamala

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake saduwa. Darasinmu na yau na shugabannin ma'aikata ne, musamman wanda Allah ya haɗa shi da ma'aikacin da ba ya iya sakin aiki sai ya tabbatar babu ko ɗigon kuskure a cikinsa. Kun san irinsa: an ba shi rahoton ƙarshen wata, ya kammala tun Litinin, amma har Alhamis yana gyaran waƙafi da jadawali, alhali sauran abokan aiki suna zaune suna jiransa. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba, kuma a ofis wannan daɗewar tana jawo asara.

A shekarar 1991, masana halayyar ɗan Adam biyu a Kanada, Paul Hewitt da Gordon Flett, sun kasa wannan hali gida uku: mai matsa wa kansa, mai matsa wa na kusa da shi, da kuma wanda yake jin cewa mutane ba za su karɓi komai daga gare shi ba sai cikakke. Na ukun nan ya fi ba ni tausayi, domin tsoro ne yake tuƙa shi, kuma faɗa ba ya ƙara masa komai sai tsoro.

Saboda haka, tun kafin ka miƙa masa aiki, ka bayyana masa wa'adi, sannan ka faɗa masa matakin da ya wadatar. Ka ce masa, "Malam, shafi biyu nake so, alƙaluman su zama daidai, ado kuwa ba a buƙatarsa." Ka nemi ya kawo maka daftari idan an ci rabin lokaci, ka duba a gabansa, ka nuna masa inda zai tsaya. Ranar da ya kawo aiki a kan kari da ɗan kuskure, ka kula da fuskarka da harshenka, domin a nan zai gane ko da gaske kake.

Idan na biyun ne, mai takura wa wasu, kada ka yi gaggawar ɗora shi a kan ƙananan ma'aikata. Gara ka ba shi inda tsantsenin nasa yake da amfani, kamar tantance lissafin albashi ko duba takardar kwangila kafin a sa hannu.