Gam Ɗin Da Ke Narkar Da Roba: Dalilin Da Ya Sa Gilashin Ƙaramar Motarka Ya Yi Fari

Assalamu alaikum masu kallo, barkanmu da sake saduwa. Yawancin hotunan da ake turo mana a kwanakin nan matsala ɗaya suke nunawa: an haɗa ƙaramar mota ta roba, an yi mata fenti mai kyau, amma gilashinta na gaba ya yi fari har ba a iya hango sitiyari, balle kujeru. Wasu kuma bambar motar ce ta ɓalle bayan an manna ta, wasu shatar yatsa ce ta zauna daram a kan rufi ta ƙi gogewa. Duk waɗannan matsaloli uku tushensu ɗaya ne, wato rashin fahimtar yadda gam ɗin wannan aiki yake kamawa, kuma a kan haka za mu fi tsayawa a yau.

Motar da ke kan teburinmu ita ce Volkswagen Beetle samfurin 1966, wadda kamfanin Tamiya da ke birnin Shizuoka na ƙasar Jafan ya fitar a ma'aunin 1/24. Ma'anar wannan lamba ita ce an rage kowane tsawo na motar gaske sau 24, don haka motar da ta ɗan haura mita 4 ta dawo kimanin santimita 17 a tafin hannu. Kamfanonin Jafan irin su Tamiya da Aoshima da Fujimi sun fi yin 1/24, su kuwa na Amurka irin su AMT sun saba da 1/25, shi ya sa idan aka jera motocin biyu za a ga ɗan bambanci kaɗan. A cikin kwalin za ku tarar da bodi, da firam-firam na roba masu riƙe da ƙananan sassa kowanne da lambarsa, da firam na gilashi, da firam mai ƙyalli irin na bamba, da tayoyi, da takardar sitika, da littafin umarni.

Aikin farko ba ya buƙatar dogon bayani, idanunku za su gane shi. Ana yanke sashe daga firam da ƙaramar filaya mai kaifi, ba a murɗe shi da hannu, sannan a share guntun da ya rage da wuƙa, a bi layin da injin zuba roba ya bari da samfefa mai laushi. Kafin a buɗe kowace kwalba, a gwada haɗa sassan biyu haka nan a bushe, a tabbatar sun zauna babu giɓi. Idan ba su zauna a bushe ba, to gam ba zai zaunar da su ba.

Yanzu ku dubi wannan kwalba mai murfi kore da kyau. Ruwan da ke cikinta garai yake, ba shi da kauri ko danƙo, idan kuka ɗiga shi a kan takarda zai bushe ya tafi ba tare da ya bar komai ba. Gam ɗin da muka saba da shi wani abu ne na uku da ke shiga tsakanin abubuwa biyu, ya bushe, ya riƙe su. Wannan kuwa sinadari ne mai narkar da irin robar da ake kira folistirin, wadda da ita ake zuba waɗannan motoci. Idan ya taɓa fuskokin sassan biyu sai ya tausasa su, robar wannan gefe ta cakuɗa da ta wancan, shi kuma ya bi iska ya fice, ya bar su sun zama abu guda. Wanda ya taɓa tsayawa a wurin mai walda ya ga yadda ƙarfe biyu ke narkewa su haɗe, to ya riga ya fahimci rabin wannan darasi, sai dai a nan sinadari ne ke yin aikin da wuta ke yi a can.

Daga wannan bayani ne komai ya biyo baya. Tun da narkarwa yake yi, yawansa ba ya ƙara ƙarfi, ɓarna kawai yake ƙarawa. Ku lura da yadda nake yi da ɓangarori biyu na injin nan. Na haɗa su tukuna, na riƙe su da yatsu nesa da layin haɗin, sannan na taɓa bakin ɗan burushin da ke jikin murfin a wuri ɗaya kawai. Ku duba yadda ruwan ya ruga da kansa ya bi layin har ƙarshe, domin siririn giɓin da ke tsakani shi ne ke jan sa. Ba a shafa shi a sashe sannan a haɗa, saboda kafin hannu ya kai ya riga ya bushe, musamman a lokacin zafi ko a busasshiyar iskar hunturu. Amma abin da ke jan sa cikin layin haɗi shi ne kuma zai ja shi ƙarƙashin yatsarka idan ka riƙe kusa, kuma a nan ne ake samun shatar yatsar da ta ƙi gogewa, domin ta riga ta nutse cikin robar. Idan ɗigo ya faɗa inda ba a so, babban abin da za a yi shi ne a ƙyale shi. Kada a goge, kada a taɓa, a bar shi ya bushe sarai, daga baya a bi wurin da samfefa mai laushi, tabon zai tafi.

Bari mu matso da kyamara. Bayan 'yan daƙiƙu na ɗan matse sassan, kuma ga wani siririn zare na narkakkiyar roba ya fito a kan layin. Mutane da yawa suna ganin wannan sai hankalinsu ya tashi, alhali kuwa alama ce ta cewa haɗin ya yi. A bar shi ya kwana, gobe a kankare shi da bayan wuƙa, za a nemi layin haɗin a rasa. Wanda ya yi gaggawa ya goge tun robar tana da taushi zai ga layin ya sake bayyana a ƙarƙashin fenti bayan wasu kwanaki, saboda sinadarin da ya rage a ciki yana ci gaba da fita, robar kuma tana ɗan lotsawa. A ganina haƙurin kwana guda a wannan mataki ya fi duk wani kayan aiki mai tsada da mutum zai saya.

Akwai nau'i na biyu mai ɗan kauri, wanda aka narkar da roba kaɗan a cikinsa, kamar mai farin murfi na Tamiya ko Contacta na kamfanin Revell mai siririn bakin ƙarfe. Shi ana ɗiga shi a sashe ɗaya kafin a haɗa, kuma yana ba da lokacin daidaita abu kamar kujera ko sitiyari. Haɗarinsa shi ne idan aka cika shi a rufaffen wuri ba ya samun hanyar fita, sai ya yi ta cin robar daga ciki har fuskar waje ta lotsa.

To me ya sa bambar ta faɗi? Ga ta nan, tana ƙyalli. Wannan ƙyalli siririn rufi ne na ƙarfen alminiyom da aka lulluɓe robar da shi, kuma sinadarinmu ba ya narkar da ƙarfe. Idan aka ɗiga shi a kan ƙyallin, bai kai ga robar ba ke nan, don haka babu abin da ya haɗe. Maganin shi ne a ɗauki bakin wuƙa a kankare daidai wurin da zai taɓa bodi, har sai ainihin robar ta fito, a bar sauran ƙyallin yadda yake. Haka dokar take ga fenti. Duk inda aka riga aka fente, a kankare wurin haɗin tukuna, in ba haka ba sinadarin zai jiƙa fentin ya dama shi, haɗin kuma ya zama fenti ne ke riƙe da fenti. Tayoyi ma wata irin roba ce daban mai laushi wadda ba ta jin wannan sinadari, shi ya sa ake tura su kan wili kawai su zauna.

Mun iso ga gilashi, inda aka fi yin asara. Shi ma folistirin ne, amma garai, kuma ya fi mai launi saurin tsagewa, don haka ko wajen yanke shi daga firam sai an bi a hankali. Idan sinadari mai narkarwa ya taɓa shi, santsin fuskarsa ya lalace nan take, kuma duk abin da fenti zai iya ɓoyewa a bodi a fili yake a gilashi. Da mutane suka ji haka sai suka koma ga sufa gulu, suna zaton sun tsira, kuma shi ne ya jawo yawancin hotunan da muka fara da su. Sufa gulu ba ya narkar da roba, amma yana fitar da tururi yayin da yake bushewa, tururin nan kuma yana haɗuwa da damshi da maiƙon da yatsu suka bari a kan gilashin, ya daskare ya zama farar hoda mai kama jiki. Cikin ƙaramar mota rufaffen wuri ne, tururin ba shi da mafita, sai ya kwanta a kan gilashin daga ciki, inda hannu ba zai sake kaiwa ba. Abin da ya fi ciwo shi ne ba nan take yake bayyana ba. Mutum zai kwanta yana murna, ya tashi ya tarar da fari.

Abin da ya dace da gilashi shi ne farin gam mai ruwa, dangin wanda kafintoci ke amfani da shi a katako, ko wanda aka yi musamman domin wannan aiki kamar Micro Kristal Klear. Yana fita fari, amma idan ya bushe sai ya zama garai, ba ya cin roba, ba ya tururi, kuma idan ya ɓullo ta gefe ana share shi da auduga mai ɗan damshi tun bai bushe ba. Ku dubi yawan da nake ɗauka a bakin tsinken sakace: ɗigo a kowace kusurwa, sai a danna gilashin a hankali, a riƙe shi da ɗan tef. Gaskiya ne ba shi da ƙarfin sauran, amma gilashin da bai kai nauyin tsaba ba wane ƙarfi yake nema? Haka za a yi wa fitilun gaba da na baya.

Wannan ba ya nufin a jefar da sufa gulu. Yana da wurinsa, kuma wurin shi ne duk abin da ba folistirin ba: siraran sassan ƙarfe da ake saya daban domin ƙara ƙawa, da wayoyin filogi, da sassan da aka zuba da rezin, wata irin roba ce daban. Sharaɗin kawai shi ne a yi amfani da ɗan mitsitsi, a bar shi ya bushe a buɗaɗɗen wuri, kuma a gama da shi kafin gilashi ya shiga motar.

Sauran aikin za mu bi shi da sauri, hotuna za su cike abin da ban faɗa ba. An wanke bodi da ruwa da sabulu, an fesa fentin share fage, sannan launi a sirara-sirara, ana bari kowane ya sha iska, an kuma kife kwali a kansa saboda ƙura. Ga sitika an tsoma ta a ruwa mai ɗumi, an zame ta daga takarda zuwa fuska mai sheƙi, domin a kan fenti mai kaushi iska tana maƙalewa a ƙarƙashinta ta yi fari-fari. Ga injin Beetle a bayan mota inda yake a ta gaske, an huda ƙananan ramuka da ɗan abin huji na hannu, an zura wayoyin filogi guda 4. Ga baƙin fenti mai ruwa-ruwa yana bin layin ƙofofi domin su fito kamar za a iya buɗe su. Ina roƙon duk mai wannan aiki ya buɗe taga, ya nisanta kwalaben nan daga wuta domin suna kamawa, ya kuma ajiye su da wuƙar inda hannun yara ba zai kai ba.

Ga waɗanda gilashinsu ya riga ya yi fari kuwa, kada ku yi saurin yar da motar. Idan za a iya ciro gilashin ba tare da ya tsage ba, a jiƙa samfefa mai lamba 2000 a goge wurin a hankali. Zai ƙara dushewa da farko, kada wannan ya tsorata ku. A ci gaba da hawa zuwa masu laushi, 4000, 6000, har 12000, kowane mataki yana share ƙarcen wanda ya gabace shi, daga nan a ɗauki man goge fenti da ƙyalle mai taushi a murza har haske ya dawo. Wannan yana aiki ne idan farin a saman fuska yake, kamar na tururin sufa gulu. Idan kuwa sinadari mai narkarwa ne ya ci gilashin da zurfi, ko ya tsattsage daga ciki, gogewa ba za ta dawo da shi ba, sai dai a nemi sabon firam na gilashi, ko a yanko siririyar roba garai a yi tagogin gefe da ita tun da su a miƙe suke. A shiri na gaba za mu ɗauki wannan bodi na Beetle mu nuna yadda ake goge fenti har ya yi sheƙi irin na motar gaske. Sai mun haɗu, a huta lafiya.