Shin fim yana tunani?

Jama'a, barkanmu da war haka. A kowace fadar shayi ta Damagaram, in aka gama kallon fim sai gardama ta kaure: wane ya yi daidai da ya rama, ko zalunci ya yi? Wannan gardamar falsafa ce, ko ba a kira ta da sunan ba.

Tun kafin a san kyamara, Aflatun, masanin falsafa na ƙasar Girka, ya ba da misalin mutanen da aka ɗaure cikin kogo tun suna yara, suna fuskantar bango, wuta na ci a bayansu. Inuwa kawai suke gani, sun ɗauka ita ce duniya. A 1895 ƴan gidan Lumière suka haska majigi a Paris, sai ga ɗaki mai duhu, haske daga baya, hotuna a gaba. Tambayar Aflatun ta dawo sabuwa fil: abin da ido ya gani, shi ne gaskiya?

Wani mai shirya fim ɗan Rasha, Lev Kuleshov, ya gwada abin. Ya ɗauki hoton fuskar mutum guda, ya jera ta da kwanon miya, sannan da gawa a akwati, sannan da mace. Masu kallo suka ga yunwa, suka ga baƙin ciki, suka ga so. Fuskar kuwa ko gezau ba ta yi ba! Ashe ma'anar daga jerin hotunan ta fito, kai mai kallo ka ƙarasa ta. A ganina nan fim ke yin tunaninsa, ba a bakin jarumin da ke zuba wa'azi ba.

Mu dawo gida. A 2021 Aïcha Macky, haifaffiyar garin nan, ta fitar da fim mai suna Zinder, kan matasan Kara-Kara, unguwar da a da ake keɓe masu cutar kuturta. Gari ya riga ya yanke musu hukunci: ƴan ta'adi ne, shi ke nan. Ita kuwa ta kafa kyamara kusa da su, ta bar su suna ɗaga ƙarfe, suna neman na abinci, suna faɗin tarihinsu da bakinsu. Tsohuwar tambayar masana ta taso ba tare da kowa ya furta ta ba: mutum ne ke zaɓen halinsa, ko inda aka haife shi ne ke zaɓar masa? Ba ta ba da amsa ba. Ta dai daɗe a kan fuskokinsu har kallon ya yi wa mutum nauyi.