Zaren rawaya ne, to ya aka yi ƙwaron ya fito kore?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Kwanan nan mutane sun ta turo min irin bidiyoyin nan na Turawan arewacin Ingila masu ɗaura ƙwaron ƙarya a jikin ƙugiya don kamun kifi, kuma tambayar duk ɗaya ce. Mutum ya ɗauko zare ruwan ɗorawa shar a gaban kyamara, ya ɗan juya hannu, ya gama, sai ga jikin ƙwaro kore mai duhu kalar zaitun. Wasu suka ce ai yanka bidiyon aka yi aka canja zare, wasu suka ce filta ce, wani bawan Allah ma cewa ya yi rufa ido ne. To ba ko ɗaya, zaren nan dai shi ne tun farko har ƙarshe, kuma yau a kan wannan gaɓar za mu zauna, sauran kuwa gudu za mu yi.

Ga wanda bai taɓa gani ba, a gurguje. Wannan fatsa ce amma babu tana babu gara a bakin ƙugiya, zare ne da gashin tsuntsu ake ɗaurawa ya yi kama da ƙwarin da ke ƙyanƙyashewa a cikin ruwa. Akwai wanda ake yi don ya yi yawo a saman ruwa, akwai wanda ake yi don ya nutse kaɗan, namu na yau mai nutsewa ne. Gidansa yankin Yokshaya, koguna irin su Wharfe da Ure da Swale, ruwa mai sanyi mai gudu a kan duwatsu kamar yadda kuke gani ɗin nan, sai kuma kogin Tweed wajen iyakar Ingila da Sikotland. Kifin da ake nema shi ne tirawut, wannan mai ɗige-ɗigen.

Kayan aiki gasu nan a tebur, ba su da yawa. Ƙarfen matse ƙugiya, almakashi mai tsini, mariƙin kwarkwaro, ƙugiya lamba 14, kuma ku sani a lissafin ƙugiya in lamba ta ƙaru ƙugiyar ƙanƙancewa take yi, 16 ta fi 14 ƙanƙanta. Sai zaren siliki. Sai wannan ɗan dunƙulen baƙi da ke gefe wanda kusan kowa ke tsallakewa in yana kallo, shi ne babban mai laifin.

Bari mu dawo da bidiyon baya a hankali. Ku kalli hannun hagu, kafin zaren ya taɓa ƙugiya. Kun gani? Ya ja zaren ta cikin wani abu tsakanin babban yatsa da manuni, fiit, sau ɗaya, sau biyu, sau uku. Bai fi ƙiftawar ido ba shi yasa ake rasa shi, kuma su da suka saba ba sa ma yin bayani don a wajensu ba abin faɗa ba ne.

Kaki ne. Irin wanda masu ɗinkin takalma na can suke goga wa zare tun da, haɗin kakin zuma ne da ƙaron itacen fayin da kuma baƙin danƙo, shi yasa yake da duhu kuma yana kama hannu. Yana da tauri in yana ajiye, sai ka gutsuri ɗan mitsitsi ka murza shi a yatsu ya ji ɗumin jiki ya yi laushi tukuna. Kuma jan zaren da sauri ake yi, da gangan, saboda gogayyar ce ke ɗumama kakin ya narke ya shiga cikin zaren. In ka ja a hankali kana tsoro, zaren zai maƙale a ciki ko ya tsinke, ko kuma kakin ya zauna a sama guda-guda kamar yadda ya yi a wannan na gefen dama, ku duba munin sa.

Yanzu ga zare biyu daga kwarkwaro ɗaya na shimfiɗa a farar takarda. Na sama ban taɓa shi ba, na ƙasa na ja shi sau uku. Tun ba a je ko'ina ba na ƙasan ya bar rawaya ya koma wajen koren zaitun. To wannan mataki na farko kenan na canjin, akwai saura biyu.

Na biyu ƙugiyar ce da kanta. Siliki in ya sha kaki ko ya sha ruwa haske yana ratsa shi, abin da ke ƙarƙashi yana nunawa. Dalilin ba wani ɓoyayye ba ne, zaren siliki ƙananan silalla ne aka murɗe, a bushe iska ce a tsakaninsu, haske na bugu yana warwatse ya dawo ido sai ka ga kala mai haske. Da ruwa ko kaki ya cike guraben nan sai hasken ya wuce ciki, kalar ta yi duhu ta yi zurfi. Duk wanda ruwan sama ya taɓa duka da shadda mai haske a jiki ya san wannan, kalar ta canja kuma singiletin ciki ya fito. To ƙugiya ita ce singiletin. In ƙugiyar mai kalar tagulla ce jikin zai fito da ɗan ja-ja a ciki, in baƙa ce zai ƙara duhu, in fara ce mai sheƙi zai fi haske. Ga guda uku na ɗaura da zare ɗaya a ƙugiya uku, ku gani da idonku.

Na uku shi ne ruwan kogin. Ga kofin gilashi, ga ƙwaron a bakin hantsaki, na tsoma. Ku ba shi daƙiƙa kaɗan... yauwa. Wannan kalar da kuke gani yanzu, ita kifi yake gani, waccan ta kan tebur taku ce ku da masu kallo. Shi yasa ni a ganina duk wanda zai koyi wannan sana'a ya ajiye kofin ruwa kusa da almakashi, duk zaren da ya saya ya naɗa kaɗan a ƙugiya ya tsoma kafin ya yanke hukunci.

Kuma wannan wayon ba na yau ba ne. A 1854 wani limamin coci daga Durham, William Greenwell, ya je kamun kifi a Tweed, ya ga kifi na cin wani ƙwaro da ba shi da irinsa, ya kai wa wani gwanin ɗauri James Wright a ƙauyen Sprouston. Abin da Wright ya ɗaura masa shi ne Greenwell's Glory, har yau ana sayar da shi, kuma jikin nasa zaren siliki ne rawaya da aka goga wa wannan kakin har ya koma zaitun. Wato shekara sama da 170 ana yin abin da mutane ke cewa filta ce. Shi ma W. C. Stewart na Sikotland a littafinsa na 1857, baƙin ƙwaronsa da ya yi suna da zare ruwan ƙasa ake yin sa, kaki ne ke ƙara masa duhu.

Amma fa a nan ne wasu kuma suke zarcewa, sun ji an ce kaki sai su dulmuya kowane zare a baƙin kaki. A'a. Kaki iri biyu ne a teburin nan, ga baƙin ga kuma farin mara kala. Farin aikinsa riƙo ne kawai, don siliki santsi gare shi, in babu kaki sai ya riƙa zamewa a jikin ƙarfe kana naɗawa yana warwarewa. Baƙin kuwa riƙo ne da rini a haɗe. Ɗauki ƙwaron da ake kira Partridge and Orange misali, jiki ruwan lemo da gashin makwarwar Turai, wannan in ka sa masa baƙin kaki ka kashe shi, don da ma in ya jiƙe da kansa yake komawa ja-ja mai duhu wajen ruwan ƙasa, kuma abin da ake so kenan. Snipe and Purple shi ma haka, shunayya ce, ta jiƙe ta ƙara duhu, ba ta buƙatar taimako. To ka fara tambayar kanka wace kala nake so a cikin ruwa, sannan ka zaɓi kakin.

Wani zai ce to me zai hana in sayi zaren roba koren zaitun kawai in huta? Babu abin da zai hana, kuma wallahi zai kama kifi, kar wani ya ruɗe ku. Sai dai zaren nailan ko foliyesta kusan yadda yake a bushe haka yake a jiƙe, ba ya yin wannan zurfin, ga su nan gefe da gefe a cikin kofi, na roba a hagu kamar an shafa fenti, na siliki a dama kamar akwai wani abu a cikinsa. Ko kifi ya damu da wannan bambancin har haka, masu kamun kifin kansu suna ta musu a kai. Ni dai na fi son silikin, kuma ba zan ɓoye ba rabin dalilin daɗin aikin ne.

Maganar kala ta sa dole in ambaci Pearsall's Gossamer, zaren da aka fi sani a wannan harka. Kalolinsa lamba gare su, kuma littafin Edmonds da Lee na 1916 da lambobi yake ba da kalar zare, shi yasa har yau za ka ji masu ɗauri suna cewa lamba 8 ga shunayya, 6A ga ruwan lemo, lamba 4 ga rawayar ƙwaron da ake kira Waterhen Bloa. Kamfanin ya daina yin zaren, yanzu tsofaffin kwarkwaro sun zama abin nema, wasu kamfanoni kuma suna yin nasu suna ƙoƙarin kwaikwayon kalolin. In ka sayi irin waɗannan, kar ka gwada su da hoto a waya, kofin ruwan nan dai.

Af, kafin wani ya tambaya, zaren tsamiya na aikin babbar riga shi ma siliki ne, amma ya yi kauri da gashi-gashi ga ƙugiya ƙarama haka. A bar wa masu ɗinki abinsu.

To sauran ɗaurin, mu ruga. Ka kama zaren a bayan idon ƙugiya, ka naɗa zuwa baya kowane zagaye yana taɓa ɗan uwansa, babu rata babu hawa kan juna. Ka tsaya daidai saitin tsinin ƙugiya, kar ka kai lanƙwasa, gajeren jiki ake so. Ka dawo gaba. Shikenan jiki ya ƙare, hawa biyu kacal. Kuma kun ga yadda wannan ya haɗu da abin da muka faɗa, in ka tula hawa biyar ƙugiya ba za ta nuna ba, hasken ba shi da inda zai ratsa, ka yi asarar silikin a banza. Ka kula da tsinin ƙugiya lokacin da kake wucewa, yana taɓa zaren zai farke shi. Masu kaushin hannu kuma, musamman lokacin hunturu, a shafa mai tun da wuri a bari ya bushe, in ba haka ba zaren zai riƙa kamawa a yatsa yana tashi.

Gashi. Ɗan ƙarami daga bayan makwarwa, ka cire lallausan na gindi, ka kama shi ta tsini ka ɗaure, ka zagaya sau ɗaya da rabi, in ya yi yawa biyu. Na san ido zai ce maka ƙara, kar ka ƙara. Tun zamanin T. E. Pritt, wanda ya fitar da littafinsa a kan ƙwarin Yokshaya a 1885, ƙarancin gashin nan shi ne alamar wannan salon, saboda silallan su samu sarari ruwa ya riƙa motsa su kamar ƙafafun ƙwaro mai neman ceto. Ku kalle shi a cikin kofin da na juya ruwan, yana buɗewa yana rufewa. Ka ɗaure kai da zagaye uku ko huɗu, ka yanke. Tunda zaren da kaki ma ba lallai ka ɗiga komai a kan ba, in kuma za ka sa, ɗigo ɗaya na jan farce mara kala a bakin allura, kar ya gangara jiki don zai canja maka kalar da ka sha wahala a kanta.

Waterhen Bloa kuwa yana da ƙari ɗaya, ana ɗan taɓa gashin wata ƙaramar dabba mai haƙa rami a jikin zaren mai kaki, kaɗan sosai yadda rawayar za ta riƙa leƙowa ta ciki. Nan ma kaki ne ke riƙe gashin.

Yadda ake jefa su kuwa, yawanci uku ake jerawa a tsarkiya ɗaya, a jefa sama da inda kake tsaye ko a gicciye a bar ruwa ya kawo su, wannan bidiyo ne mai zaman kansa. Wanda ba shi da gashin makwarwar Turai ya fara koyo da lallausan gashin wuyan kaza, yana yi sosai, na zabo yana da zane mai kyau amma yawanci ya yi tsawo ga lamba 14. A na gaba zan nuna yadda ake rage tsawon gashi in ya fi ƙarfin ƙugiya. Sai mun haɗu, a huta lafiya.