Jawabin Maraba ga Mai Martaba Sarki a Kan Jirgin NNS Thunder

Bismillahir Rahmanir Rahim. Allah ya taimaki Sarki, Allah ya ja zamaninka. A madadin hafsoshi da sauran ma'aikatan wannan jirgi na rundunar sojan ruwan Najeriya, ina yi wa Mai Martaba da hakimai da 'yan rakiya barka da zuwa, da sannu da doguwar hanya.

Ranka ya daɗe, jirgin da ka tako a yau ya girmi yawancin matasan da suka yi maka faretin girmamawa. An ƙera shi a masana'antar Avondale da ke kusa da New Orleans a Amurka, aka saka shi a ruwa a 1967, ya kama aiki a watan Maris na 1968 a rundunar tsaron gaɓar teku ta ƙasar. Sunansa a lokacin Chase, domin tunawa da Salmon Chase, sakataren baitulmali a zamanin Shugaba Lincoln. Shi ne na huɗu cikin jirage 12 na samfurin Hamilton, tsawonsa mita 115, kuma tashar Boston ce gidansa na farko.

Bai cika shekara biyu da fara aiki ba aka tura shi yaƙin Biyetnam. Daga ƙarshen 1969 zuwa tsakiyar 1970 ya yi sintiri a gaɓar kudancin ƙasar, yana tare kwale-kwale da jiragen kamun kifi ana bincikarsu, domin toshe hanyar da ake bi ta ruwa ana shigar da makamai daga arewa, wani lokaci kuma ya buɗe wuta da babbar bindigarsa don tallafa wa sojojin ƙasa.

Sai dai a ganina aikin da ya biyo baya ne ya fi nuna ingancinsa, ko da yake ba a cika ambatonsa ba. Bayan dawowarsa, an riƙa aika shi tsakiyar arewacin Tekun Atlantika, inda yakan tsaya a wuri guda har tsawon makonni cikin sanyi da igiyar ruwa mai ƙarfi, ma'aikatansa na auna iska da yanayi suna aika rahoto, suna yi wa jiragen sama masu ƙetare teku jagora ta rediyo, suna kuma zaune cikin shirin ceto idan wani ya faɗa ruwa. Saboda irin wannan zama ne aka ba shi injinan dizal biyu masu tattalin mai, da wasu injina biyu irin na jirgin sama waɗanda ake tayarwa idan ana bukatar gudu.

Wannan juriya ce Najeriya ta karɓa a 2011, aka kuma ƙaddamar da shi a Legas a farkon 2012 da sunan Thunder, domin sintiri a Mashigin Tekun Gini, inda 'yan fashin teku da ɓarayin ɗanyen mai suke addabar mu.

Muna roƙon Mai Martaba ya sa mana albarka, ya kuma ƙarfafa wa matasan masarautarsa gwiwar shiga aikin sojan ruwa. Yanzu, idan Sarki ya yi izini, za mu fara zagayen daga ɗakin tuƙi, sannan mu gangara ɗakin injina.