Mutanen da suka riƙe wa Hitler Jamus

Jama'a barkanmu da sake haɗuwa. Duk sanda aka ɗauko zancen yaƙin duniya na biyu sunan Hitler kawai ake kamawa, to amma ai mutum ɗaya ba zai kashe miliyoyi da hannunsa ba, akwai waɗanda suka zauna a ofis suna sa hannu a takarda, kuma su muka kawo muku yau.

Mu fara da wani mai gilashi, wallahi in ka gan shi a hanya za ka ɗauka malamin firamare ne. Heinrich Himmler kenan. Harkar noma ya karanta, har kiwon kaji ya taɓa yi. A 1929 aka ba shi shugabancin SS, wato dakarun musamman na jam'iyyar Nazi ta Hitler, lokacin ba su kai mutum 300 ba, aikinsu gadin Hitler, sai ya mayar da su gwamnati a cikin gwamnati, tun daga sansanin tsare mutane na Dachau da aka buɗe a 1933 har zuwa sansanin kisan gilla na Auschwitz duk a hannunsu suke. Na hannun damansa Reinhard Heydrich shi ya kira taron Wannsee, wata unguwa a gefen Berlin, ranar 20 ga Janairun 1942, manyan jami'ai 15 a wani gida mai kyau a bakin tafki, da yawansu masu digirin dokta, suka zauna kamar ana mitin ɗin kasafin kuɗi suna tsara yadda za a ƙarar da Yahudawan Turai. Kusan miliyan 6 aka kashe, har da jarirai. Wannan wajen kullum yana tsaya min a rai.

Sai Joseph Goebbels, ministan farfaganda tun 1933, shi ma dokta ne daga jami'ar Heidelberg. Ya gane cewa in rediyo ta shiga kowane gida to an gama da mutane, shi yasa aka ƙera wata mai araha da talaka zai iya siya, da yaƙi ya ɓarke a 1939 kuma sauraron tashar waje ya zama laifin da ake ɗaure mutum a kai. Ranar 1 ga Mayun 1945 shi da matarsa Magda suka sa aka ba 'ya'yansu shida guba a ɗakin ƙarƙashin ƙasa a Berlin, sannan suka kashe kansu.

Kuma fa kar ku ɗauka kansu a haɗe yake, kishi suke kamar kishiyoyi, Hitler ma haka yake so, ya ba mutum biyu aiki iri ɗaya kowa na neman ya burge oga, wanda ya fi tsanani shi ke samun shiga. Martin Bormann da ke riƙe da ƙofar ofis shi ya fi cin ribar wannan, ba ka ganin Hitler sai ya ga dama.

Hermann Goering shi ne mai son ado, shugaban sojin sama, shi ya kafa Gestapo, wato 'yan sandan sirri, ya cika gidansa da zane-zanen da aka wawushe daga ƙasashen da suka mamaye. Kotun Nuremberg da ta yi shari'ar manyan gwamnatin Hitler bayan yaƙin ta yanke masa hukuncin rataya, daren 15 ga Oktoban 1946 ya tauna gubar da ya ɓoye a kurkuku. Kafin gari ya waye aka rataye mutum goma daga cikin waɗanda aka yanke wa hukunci tare da shi.