Wutar da Ke Bayan Wayar Hannunka

(An rubuto wannan daga faifan lacca da aka gabatar wa ɗalibai. An rage gaishe-gaishen farko.)

Malamaina, 'yan'uwana ɗalibai, kowa ya ɗaga wayarsa in gani. To, madalla. Cajin nan da kuke biya a shagon mai janareta, inda ake jera wayoyi a kan katako kowace da lambarta, shi ne mafi ƙanƙantar wutar da wayar ta sha. Mafi yawa ta sha shi tun kafin ta iso hannunku: a ramukan kobalt, ma'adinin da ake haɗa batirin waya da shi, na Kolwezi a Kwango, a masana'antun Taiwan da Sin, sannan a hanya.

Kuma duk bidiyon da kuka kunna, akwai wani katafaren gini cike da kwamfutoci da ke yi muku aiki, ana hura masa sanyi dare da rana. Hukumar Makamashi ta Duniya ta ce irin waɗannan gine-gine sun sha yunit biliyan 415 a 2024. Yunit dai irin wanda ake saye a mita. Duk wutar da layin ƙasa ke bayarwa a Najeriya cikin shekara ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na wannan ba. A ƙasar Ayalan kuwa, kashi 21 cikin 100 na wutarsu a 2023 can ta tafi.

Yanzu ga tambayar da ta tara mu: zai yiwu kowa ya rayu irin rayuwar Ba'amurke? Mu yi lissafi. Ba'amurke ɗaya yana cin makamashi kusan ninki huɗu na abin da matsakaicin ɗan Adam ke ci. Mu biliyan 8 ne. Ke nan sai duniya ta ninka abin da take ƙonawa kusan sau huɗu, alhali mafi yawansa har yau kwal ne da mai da gas. Ni ban ga yadda za a yi ba.

Amma ku saurara, don nan ake yi mana wayo. Da zarar an ce akwai iyaka, sai a juyo ana kallonmu. Ɗan Najeriya yana samun yunit wajen 150 a shekara, Ba'amurke wajen 12,000. Firijin kicin ɗinsa kaɗai ya fi ɗayanmu shan wuta. Nijar ta shekara fiye da hamsin ana haƙar yuraniyom, ma'adinin da tashoshin nukiliya ke samar da wuta da shi, a Arlit ana kai wa Faransa, ita kuwa har 2023 yawancin wutarta daga Najeriya take saye. Wa ya kamata ya ɗaure ciki? Asibitin da ke tiyata da tocila ba shi da abin ragewa. Mutanen birnin Zurik a Suwizalan sun gane haka: a 2008 suka kaɗa ƙuri'a cewa za su sauko da makamashin da suke ci a kowane lokaci zuwa wat 2,000 ga kowane mutum, wato kusan matsakaicin duniya.

(Wata ɗaliba ta yi tambaya: Malam, sola ba za ta warware matsalar ba?)

Tambaya mai kyau, 'yar'uwa. Farashin farantan sola ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020, kuma mu rana ba ta yi mana rowa ba. Sai dai lantarki kusan kashi ɗaya cikin biyar ne kawai na makamashin da duniya ke amfani da shi. Siminti da ƙarfe da takin zamani har yanzu kwal da gas ake ƙona musu, kuma da su ne ake gina asibiti da titi, a noma hatsi. Wa ke da wata tambayar?