Injin CNC: Yadda Ake Koyon Sassaƙa Ƙarfe da Kwamfuta a Legas

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka.

Ku dubi ƙarfen nan da ke kan tebur. Shaf ne, wato sandar ƙarfe mai juyawa, na injin tura ruwa. In aka ɗora shi a sikeli a Owode Onirin, kuɗin gwangwan za a biya, kilo ɗaya ko biyu. Amma masana'antar da aikinta ya tsaya cak a Ikeja ko Ilupeju saboda nata ya karye, ba za ta tsaya ciniki da wanda zai sassaƙa mata sabo yau ba. Ƙarfen ɗaya ne, awo ne ya raba su. Nan wurin da yake sheƙi, nan boris ke zama, wato zoben ƙarfe mai ƙwallaye da shaf ke juyawa a cikinsa. Boris mai lamba 6205, irin wanda ake samu a Ladipo, ramin cikinsa milimita 25 ne. To a raba milimita ɗaya gida ɗari. In mazaunin ya kauce da gida biyu ko uku, ko dai boris ya ƙi shiga, ko ya shiga yana rawa ya cinye shaf ɗin cikin ɗan lokaci.

'Yan'uwanmu nawa ne ke harkar ƙarfe a garin nan? Daga Agege zuwa Alaba Rago, daga Mile 12 zuwa Idi-Araba, mu ne masu tara shi, mu ne masu auna shi, mu ne masu loda shi a tirela. Da yawa kuma, tun da aka hana acaba a Ikeja da Surulere da Apapa da wasu ƙananan hukumomi a watan Yuni na 2022, suna neman sana'ar da ba za a wayi gari a ƙwace musu ba. Shi ya sa nake son mu fahimci wannan fanni na CNC sosai, wato sassaƙa ƙarfe da injin da kwamfuta ke sarrafawa.

Injin sassaƙar ƙarfe iri biyu ne manya. Akwai wanda ƙarfen ne ke juyawa, wuƙar tana tsaye tana fere shi. Masu sana'a na ce masa lathe, shi ke yin shaf da noti da duk abin da yake mulmulalle. Akwai kuma milin, inda ake ɗaure ƙarfen tamau a tebur, wuƙar ce ke juyawa tana ci. A tsohon tsari mutum ne ke murɗa hannayen injin yana duba awo. A CNC kuwa, motoci ne na lantarki ke tura wuƙar, kwamfuta tana gaya musu inda za su je. Duk wanda ya taɓa kai shadda a yi mata aikin kwamfuta ya ga makamancinsa: an shigar da zane sau ɗaya, allura tana binsa, riga ta ɗari ta fito daidai da ta farko.

Abin ya samo asali ne a Amurka. Wani mai masana'anta a jihar Michigan, John Parsons, yana ƙera fukafukan jirgi mai saukar ungulu a ƙarshen shekarun 1940, shi ya fara amfani da lambobi wajen tsara yankan. A 1952 jami'ar MIT ta nuna injin milin da ke karanta umarni daga tef mai huji-huji. Tef ya wuce, amma harshen da aka gina daga baya, G-code, shi ne har yau a cikin injuna masu kwakwalwar Fanuc ta Japan da Haas ta Amurka, kuma Siemens ta Jamus ma tana jin sa.

Ku dubi allon nan, kada ya ba ku tsoro. G21 na nufin da milimita za mu yi awo, ba inci ba. M03 S1000, wato wuƙa a milin, ko ƙarfe a lathe, ya fara juyawa, zagaye dubu a minti ɗaya. M08, a saki ruwan sanyaya. G00 shi ne tafi da gudu, ba ka yankan komai. G01 shi ne tafi a miƙe kana ci, harafin F kuma ya faɗi saurin cin. G02 da G03 su ne lanƙwasa, ɗaya ta bin hannun agogo, ɗaya akasin haka. M30, aiki ya ƙare. Waɗanda ake amfani da su kullum ba su da yawa, yaro mai himma zai haddace su cikin sati biyu.

Haddar ba ita ce sana'ar ba. Injin nan ba shi da ido, ba ya kuma tambaya. Ka rubuta G00 a inda ya kamata G01, zai afka cikin ƙarfe da dukan gudunsa, wuƙa ta tarwatse, wani lokaci har bakin injin ya goce. A kan injuna da yawa masu Fanuc, in ka rubuta X50 ba ka sa ɗigo a bayansa ba, ba milimita hamsin zai fahimta ba, kashi hamsin cikin dubu na milimita zai ɗauka. Ɗigo ɗaya tak. Saboda haka ake koya wa ɗalibi ya fara tafiyar da shirin a iska, sama da ƙarfen, layi bayan layi, yatsansa na kan maɓallin tsayarwa.

Sai batun saiti, wanda a ganina nan ake gane wanda ya koya da wanda ya kalla kawai. Injin bai san inda ka ɗaure ƙarfenka ba. Kai za ka taɓa gefensa da samansa, ka ce nan ne sifili, ka adana a G54, wato gurbin da inji ke riƙe sifilin aikin. Kowace wuƙa da tsawonta, sai ka auna ka shigar. Wuƙa tana cinyewa a hankali yayin aiki, sai ka auna abin da ya fito da maikromita, ma'aunin da ke kama ƙaramin awo, ka ga ya ƙaru da gida biyu cikin ɗari, ka rage a allo. Gudun juyawa ma lissafi ne. Ƙarfe mai laushi, kaurinsa milimita 50, da wuƙar HSS, wato ta ƙarfe mai tauri, ana cinsa kamar mita 30 a minti. Ka ninka 30 da dubu, ka raba da 3.14 sau 50, ka sami zagaye wajen 190. In wuƙar kabayid ce, wadda ta fi tauri da jure zafi, za ta ɗauki ninki biyar na haka, kusan zagaye dubu. Ka yi ƙasa da yawa ka ɓata lokacin mai gida; ka yi sama da yawa ka ƙona masa wuƙa mai tsada.

Wannan ne dalilin da ya sa makarantar kirki ba ta fara kai ɗalibi gaban allo. Za a ba shi guntun ƙarfe da zarto da magagari, ya goga har ya daidaita. Za a koya masa karanta zanen injiniya da riƙe ma'auni. Zai tsaya a tsohon lathe na hannu ya ji yadda ƙarar yanka ke canzawa in wuƙa ta dakushe. Yara kan ƙosa a wannan mataki, suna ganin ana ɓata musu lokaci. Wallahi ba ɓata lokaci ba ne. Bayan haka ake shiga zane a kwamfuta da manhajoji irin su Fusion 360 da Mastercam, waɗanda ke fitar da G-code da kansu, kuma mai duba abin da suka fitar dole ya san ƙarfe.

Ina ake koyo a Legas? Yaron da ya gama aji uku na ƙaramar sakandare zai iya shiga kwalejojin fasaha na gwamnatin jiha da ke ƙarƙashin LASTVEB, hukumar ilimin sana'a ta jihar, a Agidingbi da Ikotun da Ikorodu da Ado-Soba da Epe, ko ta tarayya da ke Yaba. Shekara uku ne, a ƙarshe ya rubuta jarrabawar NABTEB, hukumar jarrabawar sana'o'i ta ƙasa, ya sami takardar shaidar sana'a ta NTC. Sunan sana'ar a manhajar NABTEB shi ne Mechanical Engineering Craft Practice, shi za ku tambaya. Wanda ya gama sakandare kuma, sai JAMB zuwa kwalejin kimiyya da fasaha irin Yabatech, wadda ke nan tun 1947: shekara biyu ƙaramar difloma ta ND, shekara ɗaya a masana'anta, shekara biyu babbar difloma ta HND. Hukumar NBTE da ke Kaduna ce ke tantance waɗannan kwasa-kwasai, ITF, asusun horar da ma'aikata, kuma ke kula da shirin SIWES na zuwa koyon aiki a kamfani. Ku riƙe SIWES da muhimmanci, domin a nan da yawa ke fara tsayawa gaban injin da ke aikin kasuwa na gaske.

Iyaye da yayye, kafin ku biya ko sisi, a makarantar gwamnati ce ko cibiya mai zaman kanta, ku taka da ƙafarku, gani ya kori ji. Ku ce a nuna muku injin CNC ɗin. Yana kunne, ko an lulluɓe shi da leda? Akwai ɓarɓashin ƙarfe a cikinsa? Injin nan yana son wuta mai layi uku da iskar kwamfiresa, to in an ɗauke wuta akwai janaretan da zai ɗauke shi? Ɗalibai nawa ke kan inji ɗaya? Wa ke sayen ƙarfen gwaji? Ku tsayar da ɗalibin shekarar ƙarshe ku ce ya nuna muku abin da ya sassaƙa da hannunsa.

Akwai maganar sutura, kuma ta shafe mu kai tsaye. Babu shiga wurin inji mai juyawa da doguwar riga mai faɗin hannu, ko carbi a wuya, ko zobe, ko safar hannu. Lathe in ya kama tufa ba ya saki. 'Yan mata ma suna wannan karatu kuma suna iyawa. Sai dai a sa ɗan ƙaramin hijabi a cusa shi cikin rigar aiki. Tabarau a ido kullum, ɓarɓashi kuma da buroshi ake share shi, bayan inji ya tsaya.

Mai tsoron Turanci ya kwantar da hankalinsa. Na karanta zane da allon inji ake buƙata, kuma yana zuwa da aiki. Lissafi ne ba a tsallakewa: adadi mai ɗigo, lambobin da ke ƙasa da sifili, da ɗan lissafin kusurwa. Wanda ya fito yakan fara ne a matsayin mai loda ƙarfe da danna maɓalli, daga nan ya zama mai saiti, sannan mai rubuta shiri, albashi na hawa tare da matakin. Wanda bai samu gurbi bana ba, akwai manhajojin gwajin G-code da ake sa wa a waya ko kwamfuta, suna zana hanyar wuƙa a allo. Ya sayi ƙaramin ma'aunin baniya (vernier), mai baki biyu da ake auna kauri da shi, ya riƙa auna noti da boris yana rubutawa. A bidiyo na gaba za mu rubuta shirin wannan shaf tare, daga layin farko har M30.